Idan Za Ka Koya wa Ƙaninka Sinuka, Fara Daga Hannunsa

A Fagge, Kurna, Hotoro ko Ɗorayi, duk inda ka ga gidan kallon ƙwallo ko mai shayin da matasa ke taruwa, da wuya ka rasa teburin sinuka a ƙarƙashin wata rumfa. Yadda ake koyon wasan kuma kusan iri ɗaya ne ko'ina. Yaro zai yi ta tsayawa kallo, wata rana a miƙa masa sanda, a lallasa shi, ya biya kuɗin wasan tunda wanda ya sha kashi ne ke biya, gobe ya dawo. Wasu sukan iya ta haka. Da yawa kuma sukan tashi da karkataccen bugu, wanda gyara shi daga baya ya fi koya wa sabon shiga wahala. Gwanin da ya ɗauki ƙaninsa ko wani yaron unguwa zai koya masa, babban aikinsa shi ne sanin abin da za a fara da abin da za a jinkirta. Abin da ake farawa da shi kuwa shi ne tafiyar sanda a miƙe. Saiti, murɗa fara (farar ƙwallon da ake bugawa da sanda), buga ƙwallo ta jikin robar gefen tebur, duk su jira.

Kafin darasin farko, a duba kayan aiki, don kada a ɗora wa yaro laifin da ba nasa ba. Abin da ake bugawa a yawancin teburanmu wasan ƙwallo 15 ne da fara ɗaya: masu launi ɗaya daga 1 zuwa 7, masu zane daga 9 zuwa 15, sai baƙa mai lamba 8. Wasu teburan kuma ja bakwai da rawaya bakwai ne, irin na Ingila. Wannan daban yake da wanda ake nunawa a talabijin mai ƙwallaye 22 a kan tebur mai tsawon ƙafa 12. Namu ba su cika wuce ƙafa 7 ko 8 ba. Sandar babban mutum tana kai inci 57 zuwa 58, nauyinta tsakanin giram 500 da 600. Ka kwantar da ita a kan tebur ka mirgina: in bakinta yana ɗagawa yana sauka, ta tanƙware, a nemi wata. Sandar da ake jinginawa a bango, rana na dukanta, hunturu na busar da ita, ƙarshenta ke nan.

Sai fatar bakin sanda. In ta yi sulɓi tana sheƙi, alli ba zai kama ta ba, a ɗan goge ta da samfefa har ta yi kaushi kuma ta ɗan yi tudu a tsakiya. In ta cinye har ƙarfen ko robar da ke ƙarƙashinta na neman taɓa ƙwallo, a canza ta. Shi kansa shafa alli sai an koyar. Yara sukan dasa sanda cikin ramin alli su yi ta murzawa, wanda hakan tsakiyar fata kawai yake shafawa, gefenta kuma, inda aka fi bukata, ya zauna fayau. A riƙe allin a karkace a shafa shi a kan fatar sau uku ko huɗu, ana juya sanda, kafin kowane bugu.

Teburin ma a gwada shi a gaban ɗalibin. Da yawa daga cikin na bakin titi katako ne a ƙarƙashin yadin, ba falen dutse ba, ga shi an ajiye su a ƙasa marar daidaito. Ka mirgina ƙwallo a hankali daga wannan kai zuwa wancan, a tsakiya da kuma kusa da gefe biyu. In tana zamewa ɓangare ɗaya yayin da ƙarfinta ke ƙarewa, a saka ɗan falle a ƙarƙashin ƙafar da ta yi ƙasa. In bai gyaru ba, aƙalla yaro ya san cewa a wannan teburin bugun a hankali mai nisa ba abin dogaro ba ne.

Yanzu tsayuwa. Ga mai buga wa da dama: ya tsaya a bayan fara yana kallon inda zai buga, ya ɗora ƙafar dama a kan layin bugun, ya jefa ta hagu gaba da ɗan gefe, faɗin kafaɗa ko ya ɗan fi. Sannan ya sunkuya daga ƙugu har haɓarsa ta zo saman sanda, ko tana taɓa ta ko da tazarar 'yan yatsu. Bahago ya juya komai. Gwaji mai sauƙi shi ne ka ɗan tura kafaɗarsa da yatsa biyu. In ya yi tangal-tangal, ƙafafunsa sun matse. Abin da ya kamata ya shiga kansa tun ranar farko shi ne ana saiti ne a tsaye, sannan a sauka a kan layin. Wanda ya sunkuya tukuna sannan ya fara karkata sanda yana neman layi, jikinsa na kallon wani wuri sandarsa na kallon wani. In ya ga bai sauka daidai ba, ya miƙe ya sake.

Hannun gaba, wanda ke kan tebur, a fara da buɗaɗɗe: tafin hannu a shimfiɗe, yatsu huɗu a ware an danne su, a ɗan ɗaga gaɓoɓin, babban yatsa ya manne da manuni su yi ɗan kwari inda sanda za ta bi. Na zobe, wanda manuni ke zagaye sanda, yana burge yara, amma yana rufe musu ganin sandar, kuma da zafin Kano hannu na gumi yana riƙe ta. Tazarar hannun gaba da fara kamar taƙi ɗaya ce, santimita 15 zuwa 25. In ta wuce haka, ƙaramar rawar hannun baya takan zama babba a bakin sanda. Maganar hoda kuwa, kaɗan ta isa. Wanda ya zuba ta har tana tashi, yadi da ƙwallaye yake ɓatawa. Goge sandar da busasshen ƙyalle da wanke hannu sun fi.

Hannun baya shi ne inda gizo ke saƙar. Riƙon sanda ya zama kamar na ɗan tsako: kada ya kuɓuce, kada kuma a matse shi. Babban yatsa da biyu ko ukun farko su ne ke ɗauke da ita. Wurin riƙo kuma ba a auna shi daga gindin sanda; ana gane shi ne idan bakin sanda ya kusa taɓa fara, damtse a sama, hannu daga gwiwa zuwa wuyan hannu ya rataya a miƙe zuwa ƙasa. Daga nan gwiwar hannu kaɗai ke aiki. Kafaɗa ba ta motsi, kai ba ya motsi. Ya yi gwajin kai da komo sau biyu ko uku, ya tsaya da bakin sanda daf da fara, ya mayar da idonsa kan ƙwallon da zai buga, ya ja sanda baya a hankali, ya ɗan dakata, sannan ya tura ta ta ratsa inda fara take da santimita 10 zuwa 15. Bayan bugu ya zauna a sunkuye har ƙwallo ta tsaya ko ta faɗa.

Kusan duk kuskuren sabon shiga a nan yake. Yakan fizgo sanda baya da sauri, sai hannu ya matse lokacin turawa, matsewar kuma ta jawo gindin sanda zuwa jikinsa, bakin ya kauce. Ko ya caki fara ya janye kamar ta ƙone shi. Ko ya ɗago kai tun sanda ba ta isa ba don yana son ganin ko ta shiga. Sai ka ji yana cewa, "Wallahi Yaya na saita daidai." Gaskiya ya faɗa, saitinsa lafiya lau, hannunsa ne bai kai fara inda ido ya nuna ba. Shi ya sa gyara wa irin wannan yaron saiti ɓata lokaci ne.

Atisaye biyu sun wadatar a makonnin farko. Na ɗaya, a kwantar da kwalbar lemo wadda ba komai a ciki a kan tebur, ya riƙa shigar da bakin sanda cikin bakinta yana fitarwa ba tare da ya taɓa gefe ba. Wannan ko a gida zai iya yi a kan kowane tebur. Na biyu ya fi faɗin gaskiya. A ɗauki ƙwallo mai zane a maimakon fara, a tsayar da zanen a tsaye yana kallon inda za a buga, a ajiye ta a tsakiyar kan tebur, ya buga ta tsakiyarta da matsakaicin ƙarfi ta je ta daki robar can ƙarshe ta dawo. Kada ya ɗaga sanda. In bugun ya miƙe, zanen zai mirgina ba tare da rawa ba, ƙwallon kuma ta dawo ta taɓa bakin sandarsa. In ta dawo ta damansa, ya bugi gefen dama ke nan ba da saninsa ba. Ka ɗauko ƙwallon ka nuna masa tabon allin da ya bari a jikinta. Wannan shuɗin ɗigon ya fi dogon bayani shiga kai. In kana da waya, ɗauke shi bidiyo daga gaba da kuma daga bayan gwiwar hannunsa, domin mutum ba ya jin karkatar da ya saba da ita, sai ya gani.

Wani lokaci za ka ga sanda na tafiya a miƙe amma yaro kullum yana kuskure ta gefe guda. A nan a duba matsayin kansa. Yawancin mutane ido ɗaya ya fi rinjaye wajen gani, don haka ba kowa ne sanda za ta zauna masa daidai tsakiyar haɓa ba. A jera masa bugu miƙaƙƙe, ya matsar da kansa dama ko hagu kaɗan-kaɗan har sai layin ya bayyana masa a miƙe, sannan ya riƙe wannan wurin.

Sai an samu wannan ake shiga saiti. Hanyar da ta fi saurin fahimta ita ce ta ƙwallon da babu ita. Ka ja layi da sanda daga tsakiyar rami, ya ratsa tsakiyar ƙwallon da za a jefa, ya fita ta bayanta. Ka ɗauko wata ƙwallo ka manna ta a bayan a kan wannan layin. Nan ne fara za ta kasance lokacin haɗuwa. Ɗalibi ya koma bayan fara ya sunkuya ya saita tsakiyar waccan ƙwallon da ka ajiye, sai ka ɗauke ta ya buga. A maimaita har ya fara ganin gurbin da kansa. Kuskuren da kowa ke yi shi ne saita tsakiyar fara kai tsaye a kan ɗigon da ake son taɓawa. Fara tana da faɗi, gefenta ne zai riga isa, sai haɗuwar ta yi kauri ƙwallo ta kasa yankuwa yadda ake so. Yana da kyau kuma ya haddace hoto guda: in ka saita tsakiyar fara a kan bakin gefen ƙwallo, wato rabi da rabi, ƙwallon za ta tafi a kusurwar digiri 30. In fara ta rufe kashi uku cikin huɗu, kusan digiri 14 ne. In kashi ɗaya ne kawai, kusan 49. Da waɗannan ukun zai riƙa kwatanta sauran.

Akwai wani abu da ya shafe mu musamman daga Disamba zuwa Fabrairu. Ƙwallo biyu in sun haɗu a karkace, gogayyar da ke tsakaninsu takan ɗan ja wadda aka buga ta bi hanyar da fara ke tafiya, kuma hakan ya fi yawa a bugun a hankali da ƙwallaye masu datti. Ƙurar hunturu, alli da hoda duk suna ƙara shi. Saboda haka yankan da ya shiga jiya bayan an goge ƙwallaye, yau zai iya dukan bakin rami. A koya wa yaro goge ƙwallaye da ɗan ƙyalle kafin wasa, share yadi da buroshi ta fuska ɗaya, da rufe tebur da leda ko tamfol idan an tashi. Mai tebur ma zai ji daɗinsa.

Ƙarfin bugu kuma a rage shi. Matasa na son jin ƙarar ƙwallo a cikin rami, 'yan kallo su ce kai! Amma bugu mai ƙarfi yana ƙara rawar hannu, kuma rami yakan tofar da ƙwallon da ta taɓa bakinsa da gudu, alhali da ta zo a hankali da ta faɗa. A sa shi ya buga fara ita kaɗai: ta je ƙarshen tebur ta tsaya, sannan ta je ta dawo, sannan tsawo uku. Mafi yawan bugun wasa bai wuce ƙarfin na biyun ba. Ana ƙara ƙarfi ta hanyar tsawaita jan sanda baya, ba ta matse hannu ba.

Daga nan sai sarrafa fara, kuma a bi ta layin tsakiya kawai, sama da ƙasa. A fara da tsayar da ita: bugu miƙaƙƙe, tazarar kamar santimita 30, a bugi ɗan ƙasa da tsakiya da ƙarfi matsakaici. In an yi daidai, fara za ta tsaya cak a inda ta haɗu da ƙwallon. Dalili shi ne ta iso tana zamewa, ba ta juyawa gaba ko baya. A riƙa ƙara tazara, zai gane da kansa cewa yadi na cinye juyin baya a hanya, don haka nisa na bukatar a ƙara yin ƙasa ko a ƙara ƙarfi. Bugun sama da tsakiya, fara ta bi ƙwallo, ba ya ba kowa wahala. Na jawo fara baya shi ne ke jawo rigima da masu tebur. Yaro yakan ɗaga gindin sanda ya soki ƙasa, ko ya tsorata ya janye, sai fara ta yi tsalle, wani lokaci yadi ya yage. Gyaran shi ne a kwantar da hannun gaba ya yi ƙasa, sanda ta zauna kusan a kwance, alli ya wadata, riƙo ya yi sako-sako, a ratsa fara har bakin sanda ya sauka kan yadi a gabanta. Iyakar inda fata ke kama ƙwallo kusan rabin tazarar tsakiya zuwa gefe ne. In aka wuce nan, sanda za ta zame ko da allin duniya aka shafa.

Ƙa'idoji biyu ke hana fara faɗawa rami. In fara ta iso tana zamewa ta yanki ƙwallo, hanyarta da ta ƙwallon za su rabu da digiri 90. Ka buɗe babban yatsa da manuni, manuni ya nuna rami, babban yatsa zai nuna inda fara za ta bi. In kuma ta iso tana mirginawa, kuma haɗuwar tana tsakanin kashi ɗaya da uku cikin huɗu, za ta kauce daga hanyarta ta asali da kusan digiri 30, wanda yatsa biyu a ware ke kwatantawa. Kafin kowane bugu ka tambaye shi, "Ƙanena, ina farar za ta je?" Ya nuna da yatsa, sannan ya buga.

Murɗa fara ta gefe, dama ko hagu, a ɗage ta sai an yi watanni. Bugun gefen dama yana ture fara ta ɗan yi hagu tun daga tashi, yana canza yadda take fitowa daga roba, yana kuma jan ƙwallon da ta daka. Abu uku ke nan a lokaci ɗaya ga wanda bai gama mallakar tsakiya ba. Ɗan Filifin Efren Reyes, wanda ya ci gasar duniya ta ƙwallo tara a 1999, yara kan kalli bidiyonsa a YouTube su zo suna son kwaikwayo. Ba laifi su kalla, amma ka nuna musu yadda kansa ke zama wuri ɗaya har bugu ya ƙare, wannan ne za su iya ɗauka yanzu.

Doka kuma a faɗa masa gaskiya cewa iri-iri ce. A dokar hukumar duniya ta WPA, ana jera baƙa a tsakiyar kusurwa ukun, kusurwoyin baya biyu ɗaya mai zane ɗaya marar zane. Dole fara ta fara taɓa ƙwallonka, bayan haka wata ƙwallo ta faɗa rami ko ta taɓa roba, in ba haka ba fawul ne, abokin wasa ya ɗauki fara ya ajiye inda ya ga dama. Ƙafa ɗaya aƙalla tana ƙasa lokacin bugu. A teburan unguwa kuwa, sau da yawa fawul bugu biyu yake bayarwa, wasu ma su ce baƙa sai a ramin da ƙwallonka ta ƙarshe ta shiga. Kowanne aka bi wasa ne, muddin an yi magana kafin a fasa jerin ƙwallayen da bugun farko. Wajen fasawar, a matse ƙwallaye sosai, a daki ta gaba a cike. Fasawa da kashi uku cikin huɗu na ƙarfi da ta sauka daidai ta fi wadda aka zuba dukkan ƙarfi fara ta tashi ta faɗa kwata.

Tunanin wasa yakan zo a hankali, amma abu ɗaya ya cancanci a faɗa da wuri: kada ya cinye masu sauƙi ya bar masu wuya. Wanda ya jefa shida ya bar ɗaya a maƙale a jikin roba ya share wa abokin karawarsa tebur ne kawai. Ya duba wadda ke da matsala tun farko, ya zaɓi wadda za ta kai shi ga baƙa ya ajiye ta ƙarshe, in kuma babu abin jefawa, ya ɓoye fara a bayan ƙwallonsa. Wasu na ganin ɓoyewar rowa ce ko tsoro. Rabin wasan ke nan.

Shi mai koyarwa, gyara ɗaya a lokaci ɗaya. In ka ce sassauta hannu, sauke kai, ware ƙafa, kalli ƙwallo, duk a numfashi guda, ba wanda zai kama. Kada ka yi magana yana sunkuye; bari ya buga tukuna. Ka kuma kare shi daga 'yan kallo, don a bakin tebur kowa malami ne, mutum biyar na nuna masa rami biyar. Lokacin da ya fi dacewa shi ne da hantsi ko bayan azahar kafin matasa su cika wurin, a yi magana da mai tebur a biya kuɗin lokaci maimakon na wasa-wasa, minti 30 zuwa 45 sun isa. In za ku kara, ka ba shi rata ta gaskiya: a cire masa ƙwallo uku, ko kai kada ka jefa fiye da biyu a jere, ko kowane fawul ɗinka ya ɗauki fara a hannu. Yin kuskure da gangan don ya ci ba ya amfanarsa, kuma yakan gane. Kuɗi kuma kada ya shiga tsakaninku ko na wasa ne. Ban da haramcin caca da sunan da ta jawo wa wasan a idon iyaye, yaron da ke tsoron asarar kuɗinsa ba zai taɓa gwada sabon riƙon da ka nuna masa ba, zai koma wa tsohon da ya saba. In an kira salla a ajiye sanda, a kwance a kan tebur ko a tsaye a ma'ajiyarta, ba a jingine a bango ba.